Me ya sa ɗakin gwajin dabbobi ke mayar da samfuri, likita kuma ya ƙi feɗe mushe?

Mai gonar kaji a wajen Basawa ta Zariya ya wayi gari ya tarar kaji sun zube a keji. Ya tsinci biyar cikin matattun, ya zuba a buhun dusa, ya ɗaure a bayan babur. Kafin ya sallami masu sayen ƙwai, ya biya ta Sabon Gari ya sayi magani, ya iso ɗakin gwajin dabbobi, azahar ta kawo kai, gindin buhun kuma ya fara naso. Ma'aikacin da ke karɓar samfuri ya taso da sauri ya tare shi a bakin ƙofa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Don Allah a ajiye shi nan waje, kada a shigo da shi. Yaushe suka mutu?"

"Tun daren jiya ne, likita."

"To sai haƙuri, waɗannan sun riga sun lalace, ba abin da za mu gani a cikinsu. A kawo mana biyu da suka mutu yanzu, da biyu masu rai da ciwon ya kama. Takalmin nan kuma kada ya shiga wani keji sai an wanke shi da magani."

Alhaji ya juya ransa a ɓace. A ganinsa ya ƙona mai, ya bar aikinsa, an kuma yi masa wulaƙanci. Duk mai hulɗa da masu kiwo a Zariya ya saba jin irin wannan ƙorafi. Ruɗanin ya fito fili a 2023. A watan Yuni na shekarar Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta ja kunnen jama'a kan cin ganda da naman daji saboda ɓullar ciwon saifa, wato antaraks, a arewacin Ghana, a watan Yuli kuma aka tabbatar da cutar a wata gona a Suleja ta jihar Neja. Saƙon da ya biyo baya shi ne kada a yanka dabbar da ake zargi, kada a feɗe ta, kada a taɓa ta. Mutane suka yi ta tambaya: ashe ba feɗewa likitan dabbobi ke yi ya gane abin da ya kashe dabba ba? To me ya sa yau ya ce a bari?

Fuska biyu ta samfuri

Samfuri shi ne duk abin da aka ɗebo daga jikin dabba ko wurin zamanta don a bincika: jini, kashi, majina, madara, yankin hanta ko na huhu, ɗan tayin da aka ɓarar, kan kare, har da ruwan sha da abincin kaji. A wurin ma'aikacin ɗakin gwaji fuska biyu gare shi. Shaida ne, domin amsar tana cikinsa, shaida kuwa takan lalace idan zafi ya dafa ta ko ƙazanta ta gauraya da ita. Kuma haɗari ne, domin ba a san abin da ya ƙunsa ba sai an gwada. Shi ya sa ƙa'idar farko ta ce kowane samfuri a ɗauke shi mai cuta ne har sai gwaji ya wanke shi. Kusan kashi 60 cikin ɗari na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke tasowa, saboda haka wanda ya buɗe kwalbar jinin saniya lafiyarsa ce a kan teburin tare da jinin.

Akwai kalmomi biyu da ake yawan cuɗa su, kariya da tsaro. Ta farko kariya ce daga tsautsayi: yadda za a hana cuta kama ma'aikaci, ko ta sulale waje ta hanyar iska, magudanar ruwa ko shara. Ta biyu tsaro ne daga hannun mutane: wa ke riƙe da makullin firizar da aka adana ƙwayoyin cuta, wa ya shiga, me ya fitar, an rubuta ko ba a rubuta ba. Ɗakin gwaji na iya ƙwarewa a ɗaya ya yi sakaci a ɗaya.

An daɗe ana kasa ɗakunan gwaji mataki huɗu. Na ɗaya na ƙwayoyin da ba sa cutar da mai lafiya ne, irin na koyar da ɗalibai. Na biyu shi ne na aikin yau da kullum a asibitoci. Na uku na cututtuka masu tsanani ne da ake iya shaƙa, a nan iska ciki take shiga, ba ta fita sai an tace ta. Na huɗu na irin su Ebola ne, kuma kaɗan ne a duniya. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bugu na huɗu na kundin ƙa'idojinta na ɗakunan gwaji, inda ta karkata ga cewa a duba aikin da za a yi tukuna, a auna haɗarinsa, sannan a tsara kariyar da ta dace da shi. Wannan sauyi yana da nauyi a wurinmu, za mu dawo kansa.

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan aiki

A Zariya aka fara kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a farkon mulkin mallaka, lokacin da ciwon bushiya na shanu ke share garake, kafin a koma Vom a 1924, inda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take har yau. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa. Tun cikin shekarun 1960 Jami'ar Ahmadu Bello ke horar da likitocin dabbobi a Samaru, tana da asibitin koyarwa na dabbobi, ga kuma cibiyar binciken kiwo ta NAPRI a Shika. Ke nan garin ya zama matattarar samfura daga Giwa, Soba, Makarfi, Kudan da ma nesa da nan.

Darasin da ya fi kusa shi ne na 2006. A wata gonar kaji a Jaji, kan hanyar Kaduna, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka. Kaji sun fara mutuwa a watan Janairu, amma sai a farkon Fabrairu aka sami tabbaci, bayan samfurin ya kai wani ɗakin gwaji a Padova ta ƙasar Italiya. Cikin waɗannan makonni motocin ƙwai da dillalan kaji ba su daina zirga-zirga ba. A farkon 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas. Daga wannan lokaci ne masu gonaki da dama suka fara ganin ma'aikata sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, kuma daga nan ne maganar yadda ake ɗaukar samfuri ta fito daga aji ta shiga keji.

Cututtuka uku, ƙa'idoji uku

Amsar tambayar feɗe mushe tana cikin halin ƙwayar ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks. Muddin mushen yana rufe, ƙwayar tana mutuwa cikin kwanaki yayin da gawar ke ruɓewa. Amma da zarar an tsaga ciki jini ya haɗu da iska, sai ta lulluɓe kanta da wani ɓawo mai tauri ta yi likimo a cikin ƙasa, ta jure rana da fari har shekaru masu yawa. A tsibirin Gruinard na Sikotilan an gwada ta a matsayin makami a 1942, ba a ce tsibirin ya zama lafiya ba sai a 1990, shi ma bayan an yi masa wanka da sinadari. Wanda ya feɗe irin wannan mushe a makiyaya ya shuka cuta a wurin, jikokin shanunsa za su iya girbe ta.

Alamominta sanannu ne: dabba mai ƙiba da lafiya ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci, baki ko dubura, ciki ya kumbura da wuri, jiki kuma bai sandare yadda aka saba ba. Likita ba ya buƙatar wuƙa a nan. Ɗigon jini daga bakin kunne ya ishe shi. Zai shafa a gilashi, a rina, a duba a madubin likita. Mushen kuma a ƙone shi ƙurmus ko a binne shi a rami mai zurfin kamar mita biyu, inda karnuka ba za su tono ba.

Wurin da abin ya fi wuya a ƙasar Hausa ba mushe ba ne, domin addini ya riga ya raba mu da cinsa. Matsalar tana ga dabbar da ke gargara, wadda ake rige-rigen sa wa wuƙa kafin rai ya fita don kada a yi asara. Yankan ya halatta ta, amma bai kashe ƙwayar cutar ba. Mai yanka, mai fiɗa, mai ɗaukar fata da matar da za ta wanke kayan ciki duk sun shiga layi. A jikin mutum cutar ta fi bayyana a fata: ƙurji marar zafi mai baƙin tsakiya, wanda ke jin magani idan an je asibiti da wuri.

Bakkale kuwa halinsa daban. Shi ne ke sa shanu ɓari a ƙarshen ciki, ya kuma kumbura musu gwiwa. Ɗan tayi da mabiyiya cike suke da ƙwayar cutar, makiyayi kuma da hannunsa tsirara yake jawo su. A jikin mutum zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, wanda sau da yawa ake yi wa maganin zazzaɓin cizon sauro ko taifot har a gaji. Maganinsa na gaskiya yakan ɗauki makonni shida. Yana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan ɗakin gwaji a duniya, saboda ƙwayoyi goma zuwa ɗari kacal idan an shaƙa sun isa su kwantar da mutum. Saboda haka ake bambanta aiki biyu. Gwajin ruwan jini, irin na Rose Bengal da ke ba da amsa cikin minti huɗu, ana yin sa a ɗaki na yau da kullum da safar hannu. Rainon ƙwayar kanta a faranti kuwa sai ɗaki mai kariya ta musamman. Idan aka ce wa makiyayi za a karɓi jini amma ba za a karɓi ɗan tayi ba, dalilin ke nan.

Na uku shi ne haukan kare, wanda ke kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kusan dukansu ta hanyar cizon kare. Ƙwaƙwalwa ake gwadawa. Abin da aka saba yi a unguwa, a taru a rotse kan karen da sanda da duwatsu, yana lalata ainihin abin da za a duba, yana kuma fantsama shi a jikin masu dukan. Idan karen yana da rai kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma. Idan ya mutu, ma'aikacin da ya yi rigakafi ne zai cire kan, a sa a sanyi, kada a zuba masa fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa.

Hanya: inda yawancin samfura ke mutuwa

Kwalbar jini mai murfi shunayya tana da sinadarin hana daskarewa. Da ita ake neman ƙwayoyin da ke yawo cikin jini kamar na sammore, kuma ana so a duba cikin 'yan sa'o'i tun suna motsi. Mai jan murfi ba ta da komai, ana barin jinin ya daskare a karkace don a tsiyaye ruwan da ya taso sama. Duk biyun ba a girgiza su da ƙarfi, ba a sa su a firiza, domin ƙanƙara tana fasa ƙwayoyin jini. Sanyin da ake so shi ne na firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Yankin naman da za a duba fasalinsa ana jefa shi cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10, kaurinsa kada ya wuce santimita ɗaya, ruwan kuma ya ninka shi sau goma. Wanda za a nemi ƙwayar cuta a cikinsa ba ya haɗuwa da fomalin ko kaɗan, kwalbarsa daban. Kashi daga duburar dabba ake ɗebowa, ba daga ƙasa ba.

Akwai kuskuren da ke faruwa tun kafin a ɗebi komai. Mafi yawan masu kiwo sai sun yi allurar teramaisin, sun zuba garin magani a ruwa, abin ya ƙi, sannan su nemi likita. A lokacin maganin ya riga ya danne ƙwayar, ba za ta tsiro a faranti ba, sakamako ya fito wayam alhali dabba na ci gaba da mutuwa. Faɗin gaskiya game da maganin da aka bayar yana cikin samfurin kansa.

Ƙa'idar ɗauko ta duniya ƙunshi uku ce. Kwalbar farko da ba ta yoyo, a naɗe ta da auduga mai yawan da zai shanye duk abin da ke ciki idan ta fashe. A sa ta cikin mazubi na biyu da shi ma ba ya yoyo. Sannan akwati mai ƙarfi a waje, ƙanƙara tana tsakaninsa da mazubi na biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambobi: UN3373 ga samfuran bincike na yau da kullum, UN2814 ga masu tsananin haɗari ga mutane, UN2900 ga waɗanda haɗarinsu ya tsaya kan dabbobi.

A aikace abin da ake gani shi ne kula irin ta abinci da ƙanƙarar fiya wata. Wannan ba laifi ba ne idan an yi ƙunshin daidai, amma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Zariya ke kusantar digiri 40, ƙanƙarar kan narke tun ba a yi nisa ba. Sai a buɗe kula a tarar kwalabe takwas suna iyo, rubutun biro ya wanke, ba a san jinin wace saniya ce wannan ba. Fensir ya fi biro jure ruwa, takardar bayani kuma a sa ta a ledarta daban. Takardar nan ita ce bakin samfuri: irin dabba, shekarunta, yawan garke, nawa suka kamu, nawa suka mutu, yaushe aka fara, wace rigakafi aka yi. Daga Zariya zuwa Vom ya haura kilomita 200, kuma sau da yawa direban tasha ake danƙa wa saƙon, ya cusa shi a but tare da kayan fasinja, bai san abin da ya ɗauko ba. Wannan direban yana cikin waɗanda ƙunshi uku ke karewa.

Bayan an rufe ƙofa

Yawancin abin da ke kare ma'aikaci ɗabi'a ce. Ba a ci ba a sha a ciki, ba a zuƙo ruwan gwaji da baki, ba a mayar wa allura murfinta da hannu biyu, ba a latsa waya da safar hannu, farar riga kuma ba ta bin mai ita zuwa wurin cin abinci ko masallaci. Idan kwalba ta fashe cikin injin juya jini, a bar shi a rufe rabin sa'a har feshin da ido ba ya gani ya kwanta. A 1970 wata likita a Jos, Dakta Jeanette Troup, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda zazzaɓin Lassa ya kashe, cutar ta kama ta, ta rasu. Asibitin mutane ne, amma wuƙar da teburin iri ɗaya ne da na ɗakin fiɗar dabbobi.

Aikin da ke tayar da feshi ana yin sa ne cikin wani akwati mai gilashi da ke zuƙe iska ya tace ta. Akwatin yana buƙatar ƙwararre ya duba shi duk shekara, kuma da wuta yake aiki; idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ya zama kabad kawai, ma'aikaci na gabansa. Haka firizar da ke riƙe da samfuran shekaru, haka tukunyar tururi da ke dafa shara a digiri 121 kafin a fitar da ita. Matsalar wuta a nan ta wuce rashin jin daɗi, ta shiga lissafin lafiya.

Magungunan tsafta ma suna da nasu sharuɗɗa. Ruwan bilic da aka sirka yana rasa ƙarfi, kullum ake haɗa sabo, kuma jini da kashi suna cinye ƙarfinsa idan ba a fara kwashe su ba. Sifirit ba ya kashe ƙwayar saifa da ta shiga ɓawonta. Fomalin kansa guba ne, yana cikin sinadaran da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, don haka ba a aiki da shi a ɗakin da iska ba ta gudana.

Ƙasashe masu arziki ma ta bayan gida aka shammace su. A 2007 ciwon boru, mai kama baki da kofaton shanu, ya ɓulla a gonakin da ke kusa da harabar binciken Pirbright a Ingila, bincike ya danganta shi da bututun magudanar ruwa da ya lalace. A 2019 wata masana'antar rigakafin bakkale a birnin Lanzhou na ƙasar Sin ta yi amfani da maganin tsafta da wa'adinsa ya wuce, iskar da ke fita ta ɗauki ƙwayar, daga baya gwaji ya nuna mutum sama da 10,000 sun kamu. Duka biyun ta shara da magudana aka sami ɓaraka. A nan ya kamata a tambayi kowane ɗakin gwaji ina ruwan ɗakin fiɗa yake zuwa, ina allurai suke ƙarewa, kuma mai shara, wanda ya fi kowa taɓa abin da aka zubar, an horar da shi, an yi masa rigakafi? Galibi shi ne ba a gayyata idan ana taron bita.

Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko tsakanin mai kiwo ne da hukuma. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta wajabta kai rahoton wasu cututtuka. Hujjar hukuma ita ce kwana ɗaya na ɓoyo yana iya cinye gonaki goma. Mai kiwo kuma yana lissafin cewa idan sakamako ya fito da murar tsuntsaye, za a rufe gonarsa a kashe sauran kajin. A 2006 diyyar farko da aka sanar naira 250 ce kan kowace kaza, abin da masu gonaki suka ce bai kai kuɗinta ba. Muddin kai samfuri yana kama da kai ƙarar kai, wasu za su gwammace su kira dillali da daddare. Kowanne cikinsu yana da gaskiyarsa, diyya mai adalci da ake biya kan lokaci ce kawai ke iya haɗa su.

Na biyu tsakanin masana ne: a tara gwajin cututtuka masu haɗari a cibiya ɗaya, ko a watsa shi kusa da makiyaya? Masu son tarawa suna cewa ƙwarewa da kayan aiki sun fi inganci a wuri guda, kuma yawan wuraren da ake taɓa ƙwayar yawan ƙofofin tsautsayi ne. Masu son watsawa suna nuna doguwar hanya, ruɓewar samfuri da jinkirin da aka gani a 2006. Fasahar zamani ta rage tazarar: gwajin PCR, mai neman sinadarin gadon halitta, yana gano ƙwayar ko da an kashe ta, ke nan ana iya kashe ta tun a fili da sinadari a aika ba tare da fargaba ba.

Na uku kan kuɗi ne. Wasu na ganin sai an gina ɗakuna na mataki na uku a manyan cibiyoyi kafin a ce an shirya. Wasu na cewa irin wannan ɗaki yana cin wuta dare da rana, matatunsa da masu gyaransa daga waje suke zuwa, kuma ɗakin da aka gina aka kasa riƙewa ya fi rashinsa haɗari, domin yana sa mutane su saki jiki. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙarfafa masu wannan ra'ayi. Idan aka auna da yanayin Zariya, hujjarsu ta fi nauyi a kan abin da za a fara da shi: wutar sola ga firji, tukunyar tururi mai aiki, wurin ƙona shara, rigakafin haukan kare ga ma'aikata da ɗalibai. Sai dai na farkon ma ba su yi kuskure ba cewa akwai aikin da safar hannu da takunkumi ba za su taɓa isar masa ba. Ga kuma batun wa ke sa ido, tunda nauyin ya rarrabu tsakanin hukumar NBMA mai kula da kariya daga haɗarin halittu da aka kafa a 2015, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, Majalisar Likitocin Dabbobi, ma'aikatun jihohi, da Ma'aikatar Raya Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙira a 2024.

Abin da ya shafi mai kiwo, mahauci da mai gida

Ga mai kiwo, tsaurara ƙa'ida na nufin ƙarin kuɗin kwalba da ƙanƙara, wani lokaci da dawowa sau biyu. Amma ruɓaɓɓen samfuri yakan ba da amsar da ta fi rashin amsa muni: a ce ba a ga komai ba, mutum ya koma da kwanciyar hankali, cuta na cin garkensa. Yana da kyau kuma a san cewa jinkiri ba kullum sakaci ba ne. Duba jini a gilashi aikin yini ɗaya ne, rainon ƙwayoyin bakteriya na yau da kullum kwana biyu zuwa uku, na tarin fukan shanu kuwa yana iya kai makonni takwas. Mafi sauƙi shi ne a kira waya kafin a taso, a tambayi abin da za a kawo da yadda za a kawo shi. Sau da dama amsar ita ce a bar dabbar inda take, likita zai zo.

Ga mahauci a kwata, idan mai duba nama ya riƙe huhu ko hanta ya ce za a kai gwaji, asarar ranar ce, amma hannun mahaucin ne ya fi kowa daɗewa a cikin naman. Ga mai gida, tafasa madara yana kashe ƙwayar bakkale da ta tarin fuka. Wanda kare ya ciza kuwa kada ya jira sakamakon kan kare: ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya nufi asibiti a ranar a fara masa allura. Idan gwaji ya wanke karen, likita ne zai ce a tsaya.

Saura buhun Alhaji da aka ce ya ajiye a waje. Ƙin gwada shi daidai ne, amma barin sa ya koma da shi a bayan babur ya rushe dalilin ƙin. Samfurin da ba shi da amfani ga gwaji bai daina ɗaukar cuta ba. Idan ya bar harabar, ƙarshensa magudanar ruwa ce ko bola a gefen hanya, inda karnuka, kajin unguwa da yara 'yan jari bola za su same shi. Ɗakin gwajin da ya ƙi samfuri shi ya kamata ya karɓe shi a ƙofar, ya ƙone, ya fesa wa babur da takalmi magani, ya kuma rubuta sunan gonar da adadin kajin da suka mutu kafin mai su ya tafi.